Daga Gonar Auduga Zuwa Kantin Kwari: Ina Aikin Ya Tafi?

Shugaban taro, iyayenmu malamai, manyan baƙi, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

An nemi in yi magana a kan ciniki da rashin aikin yi, a matsayina na wanda ya karanci tattalin arziki. To, ba sai mun je nesa ba. Duk wanda ya bi titi daga nan Hanwa zuwa Samaru zai ga matasa masu digiri suna jan Keke Napep. Ni kuwa a kan auduga zan tsaya, domin a nan ne amsar take.

Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, kuma daga can ne irin auduga na Samcot ya fito. Manomi ya noma, a kai injin gurza na Zariya, jirgin ƙasa ya ɗauka daga Sabon Gari, masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta saƙa. Ku lura, kowane yadi ɗaya yana ciyar da manomi da ɗan dako da direba da ma'aikacin masaƙa da tela. Idan masaƙa ta rufe, duk waɗannan ne suka rasa abinci, amma ma'aikacinta kaɗai ake ƙirgawa.

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, ta rushe hukumar sayen auduga, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Masaƙar da ke kwana a kan janareta aka ce ta yi gasa da ta Sin. Ai an san wanda zai sha ƙasa. Masaƙar KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari.

Sau da yawa ana ce mini maganin shi ne a rufe iyaka. Ban yarda ba. An rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafa ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka koma bin daji tsakanin Maraɗi da Jibiya. Talaka mai neman zanen Sallah ba ƙiyayya yake wa kayan gida ba, aljihunsa yake dubawa. Muddin wutar lantarki da bashin banki sun fi na abokin gasa tsada, haramci kuɗi ne kawai ga mai fasa-ƙwauri.

Ga kuma yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda ta fara aiki a Janairun 2021. Ƙofa ce mai shiga da fita. Mali da Benin sun sha gabanmu a noman auduga, mu kuwa masu saye muke da su. Ina roƙon 'yan'uwanmu da ke majalisa da ma'aikatu, kafin a sake zancen haramci, a fara tambayar nawa masaƙa ke biya kan wuta.