Idan zuciya ta ɓata lugude



Yau maganarmu a kan bugun zuciya take. Ku aje alli tukuna. Ku ɗora yatsu 2 a wuyan hannunku, ƙarƙashin babban yatsa. Kun ji abu yana motsi? Zuciyarku ce ke tura jini. Babban mutum mai lafiya, in yana zaune, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa sau 100 cikin minti guda.

Zuciya ɗaki 4 gare ta, 2 a bisa, 2 a ƙasa. A ɗakin bisa na dama akwai wani ɗan wuri mai ba da wutar lantarki ƴar kaɗan. Shi ne ke ba da umurni, ɗakunan bisa su matsa, na ƙasa su bi. Kamar mata ne masu lugude a turmi guda: wannan ta ɗaga, wannan ta sauke.

To, wani lokaci wuta takan taso daga wani wuri dabam, ba da izini ba. Sai lugude ya ɓaci. Ɗakunan bisa su daina matsawa, su dinga karkarwa. Mutum ya ji gabansa yana faɗuwa, ya gaji, numfashi ya yi masa wuya, ko jiri ya ɗebe shi. Wani kuma ba ya jin komi.

Ku saurara da kyau, ga inda hatsarin yake. Jinin da ba a tura shi sosai ba yakan kwanta cikin zuciya, ya yi guda. Gudan nan in ya taso ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Mai wannan ciwo ya fi mai lafiya shiga wannan hatsari wajen sau 5. Da yawa ana cewa iska ce ta buge su. Ba iska ba ce, gudan jini ne.

Mi ke kawo shi? Tsufa, hawan jini, giya, da ciwon ƙofofin zuciya. Na ƙarshen nan ya shafe mu ƙwarai. Yaro yakan yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a ƙyale shi, bayan shekaru ciwon ya ɓata masa ƙofofin zuciya. Alhali maganin fenisilin, in an ba shi da wuri, yana tsare wannan.

Likita yana gane ciwon da wani inji mai zana bugun zuciya bisa takarda. Ba zafi, ba allura. Da farko magani ake ba mutum: na rage gudun zuciya, da na hana jini yin guda.

In magani bai isa ba, akwai wani aiki da ake yi ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ana amfani da wata siririyar tiyo, kaurinta kamar tsinken ashana, tsawonta ya ɗara mita guda. Likita ya shigar da ita ta jijiyar matsematsi, ya bi da ita har cikin zuciya, yana kallon hotonta bisa allo. Bakin tiyon yana jin wutar zuciya, ya nuna inda ɓarna take. Sai a ƙona wurin kaɗan kaɗan, ya yi tabo.

Kun san hanyar da ake sharewa a daji don kada gobara ta tsallaka? Haka tabon nan yake. Wuta ba ta bi ta cikin tabo. Amma kada wani ya ce ai wannan sakiya ce, ya je a sa masa ƙarfe a ƙirji. Zafin da ke bisa fata ba ya kai wa wurin.

An fara wannan aiki ga mutum a 1981, a San Faransisko ta Amurka, a hannun likita Melvin Scheinman. A 1998, a Bordo ta Faransa, likita Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa suka gano cewa yawancin wutar banzan nan tana fitowa daga bakin jijiyoyi 4 masu kawo jini daga huhu. Tun sa'an nan, bakin jijiyoyin ake kewayewa da tabo. Yau hanya 3 ce: zafi, ko sanyi mai daskarar da nama, ko bugun lantarki mai gajeren lokaci, wanda aka fara amfani da shi a Turai a 2021.

Aikin yakan ɗauki awa 1 zuwa 3, mutum ya koma gida ran nan ko washegari. Ba kowa yake warkarwa a karo na farko ba, wasu sai an sake. Wani lokaci jini yakan zuba inda aka huda. Kayan kuma tsada gare su, sai manyan asibitoci. Kuma ko an yi aikin, kada mutum ya bar maganin hana gudan jini sai likita ya ce.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ƙirga bugun zuciyarsa minti guda, da safe, kwana 7, ya rubuta lambar cikin kaye. Ku ƙirga ma tsofaffin gidanku. In kun ji bugun yana tsalle, ba shi da tsari, ku ɗauki kayen ku kai ma likita ya duba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.