Mudu Ɗaya, Gonaki Daban-Daban: Jarrabawar Shiga Jami'a da Yaran Bagega



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo a kasuwa ya san amfanin mudu. Shi ke raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa, domin ba ya sanin ɗan sarki, ba ya sanin ɗan talaka. Amma mudu yana da iyaka. Yana faɗin yawan hatsin da aka kawo, ba ya faɗin irin gonar da hatsin ya fito, ko ta sami taki, ko fari ya same ta. Jarrabawar shiga jami'a mudu ce. Manufar wannan lacca ita ce a duba yadda aka sassaƙa wannan mudu, sa'an nan a kai shi Bagega, cikin Ƙaramar Hukumar Anka ta Jihar Zamfara, a ga abin da yake aunawa da abin da yake bari.

Asalin Mudun

Kafin 1978, kowace jami'a a Nijeriya ita ke ɗaukar ɗalibanta bisa nata tsari. Sai ya zamana ɗalibi guda ya sami gurbi a jami'o'i biyu ko uku, wani kuwa da ya cancanta ya rasa. Don magance haka Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar JAMB a 1978. Daga baya aka ɗora mata ɗaukar ɗaliban kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai, a 2010 kuma aka haɗe jarrabawoyin suka zama ɗaya, watau UTME. Tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, an bar fensir da takarda.

Ɗalibi kan amsa tambayoyi a darussa 4, Ingilishi tilas ne a cikinsu, jimlar maki kuwa 400. Kafin a ba shi gurbi sai ya nuna kiredit 5 daga jarrabawar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ko NECO, wadda ta fara shirya jarrabawar kammala sakandare a 2000. Tun 2005 kuma jami'o'i suka ƙara tasu tantancewar.

Wajibi ne a yaba wa wannan tsari. Inda babu jarrabawa, sanayya ce ke ba da gurbi, ɗan manomi kuwa ba shi da kowa a ofis. Saboda haka duk mai kishin talaka bai kamata ya nemi a fasa mudun ba.

Gonar Bagega

A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara ƙanana suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuwa kai shi cikin gidaje a farfasa a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyuka bakwai tun da wuri, amma Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi mata wannan aiki. Likitoci kuwa ba su iya fara magani sosai kafin a share gari, domin yaron da aka yi wa magani zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo.

Masana lafiya sun tabbatar da cewa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, ta rage masa natsuwa da saurin fahimta. Magani yana rage dalmar da ke cikin jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata. To, a yi lissafi: yaron da yake ɗan shekara 3 a 2010 ya cika 18 a 2025. Watau yaran da suka tsira daga waccan annoba su ne suka kai shekarun zama jarrabawar shiga jami'a. Ba kowane yaron Bagega ne ya sami wannan illa ba, kuma zalunci ne a yi musu kuɗin goro. Sai dai takardar sakamako ba ta da gurbin da za a rubuta wane ne ya shaƙi ƙura, wane ne bai shaƙa ba.

Daɗin daɗawa, ga matsalar 'yan bindiga. A Fabrairu 2021 aka sace 'yammata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe. A Satumba na wannan shekara, bayan wani harin a Kaya ta Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a jihar. Zangon karatun da ya wuce ba ya dawowa, manhajar jarrabawa kuwa ba a rage mata ko shafi guda.

Ko yin rajista ma tafiya ce. Tun 2021 sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake rajistar UTME, ana bukatar layin waya, cibiyoyin kwamfuta kuma a manyan garuruwa irin su Gusau suke. Yaron ƙauye zai biya kuɗin mota, ya nemi masauki, ya bi hanyar da manya ke shakkar bi, wani ma ran nan ne zai fara zama gaban kwamfuta.

Maganin da Aka Gwada

Gwamnatin Tarayya ta san gonaki ba ɗaya ba ne. A jami'o'inta ana ba da kashi 45 cikin 100 na gurabe bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilmin zamani, Zamfara kuwa tana cikinsu. An kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013. Amma wannan rabo da sunan jiha ake yin sa. Ɗan babban ma'aikaci da ya yi makarantar kuɗi a Kaduna ɗan Zamfara ne, ɗan mahaƙin zinariya na Bagega ma ɗan Zamfara ne. Ba sai an faɗi wanda zai riga kai hannu cikin ƙwaryar ba. Bugu da ƙari, kason yana jiran yaro ne a ƙofar jami'a, alhali kuwa da yawa tun a firamare suka faɗi.

Kammalawa

A 1905 Alfred Binet da Theodore Simon suka fito da gwajin basirar yara a Faransa. Nufinsu shi ne a gano yaron da ke bukatar taimako tun da sauran lokaci. Irin wannan awo ne Anka da Bukkuyum da Gummi suke bukata: a gwada karatu da lissafin yara tun a firamare, wanda aka ga yana baya a ba shi malami da ƙarin lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, jami'an ilmi su riƙa fitar da sakamakon jarrabawa ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, makaranta bayan makaranta, domin jimlar jiha tana ɓoye ƙauye a bayan birni. Na uku, a kusantar da wuraren rajista da koyon kwamfuta ga hedkwatar ƙananan hukumomi, a kuma ƙarfafa karatun share fage irin na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa. Ɗaliban jami'a kuma suna iya ba da hutunsu ga koyar da ƙannensu a gida.

Idan sakamako ya fito, ɗalibi yana karanta makinsa. Ya kamata ma'aikacin gwamnati shi ma ya karanta nasa a cikin takardar: malamai nawa aka tura, kwana nawa makaranta ta yi a buɗe, shekara nawa aka yi kafin a share gari. Mai gona ake tambaya in mudu bai cika ba.

Allah ya sa a dace. Wassalam.