Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Ilimin Binciken Kufai

Mai girma Shugaban Jami'a, shehunan malamai, iyayenmu sarakuna, iyayen ɗalibai, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau.

Na san a zauren nan akwai uban da yake tambaya a zuci: wane irin karatu ne ɗana ya shafe shekara huɗu yana yi, kullum ƙura a wando, tsingaro a jaka? Tambayar ta cancanci amsa. Wannan ilimi ne na gano yadda mutanen dā suka rayu ta hanyar abin da suka bari a ƙasa: tukwanensu, murhunsu, kashin tama, ganuwa da kaburbura. Masanin tarihi yana da takardu da bakin dattawa. Ku kuwa kuna shiga zamanin da alƙalami bai kai ba, kakan kowa ma bai ji labarinsa ba.

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da katako a zurfin kusan mita 5. Ashe kwalekwale ne. Da aka auna shekarunsa, sai ga kimanin 8,000, mafi tsufan da aka taɓa samu a Afirka. Wace waƙa, wane kundi ya ambaci masassaƙinsa? Babu. Ƙasa ce ta riƙe amanar.

Amma ku ji abin da ya raba ku da mai haƙar neman dukiya. Tun 1928 ake tono gumakan Nok a kudancin Kaduna, an kuma yi awon gaba da masu ɗimbin yawa zuwa kasuwannin Turai. Kowane ɗayansu ya bar gida bebe, domin babu wanda ya rubuta zurfin da ya kwanta, ko gawayin da ke gefensa, ko ƙwayar geron da ta ƙone kusa da shi. Wannan gawayin da ɓarawo ke watsarwa da shebur, shi ke faɗin shekaru. Shi ya sa aka koya muku kankare ƙasa sannu a hankali, ku zana, ku auna, ku rubuta kafin ku ɗaga komai. Ramin da aka tona sau ɗaya ba ya sake tonuwa.

Wuraren tarihi irin su Turunku, Surame da Durɓi Takusheyi suna jiran ku. In kun je, ku fara gaida masu gari kafin ku sa hannu a ƙasarsu, in kun gama kuma ku koma ku faɗa musu abin da kuka gano, da harshen da suke ji.

Allah Ya sa albarka a karatunku.