Ƙaramar Hukuma Ta Jama'a Ce

Jama'a, ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da mutumin karkara. A da, En'e ce ke mulkin ƙauyuka a ƙarƙashin sarakuna. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta yi gyara, aka kafa ƙananan hukumomi irin na yanzu. Yau akwai guda 774 a Nijeriya. Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27.

Ciyaman shi ne shugaba. Kowace mazaɓa kuma tana zaɓen kansila ɗaya. Kansiloli ne ke amincewa da kasafin kuɗi, su kuma yi dokokin yankinsu.

Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta da kwashe shara. Tana kuma da hannu a makarantar firamare, ƙaramin asibiti da aikin gona.

Daga ina kuɗinta ke fitowa? Na farko, akwai kason da take samu kowane wata daga asusun tarayya. Na biyu, akwai kuɗin da ake karɓa a kasuwa da tasha. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ta kuma ce gwamna ba shi da ikon naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓen shugaba. Amma hukunci kaɗai ba ya haƙa rijiya, sai jama'a sun bi sawu.

To, mene ne aikin talaka? Duk mai shekara 18, mace ko namiji, ya yanki katin zaɓe. Kada ya sayar da ƙuri'arsa don sabulu ko taliya. In ya biya kuɗin rumfa, ya karɓi rasit. In famfo ya lalace ko rufin aji ya yaye, mutanen gari su taru da mai unguwa. Su rubuta takarda, su sa kwanan wata, su kai wa kansila, su ajiye kwafi ɗaya. In shiru ta yi yawa, su tura wakilai sakatariya.

A nan ne karatu ke da rana. Wanda ya iya karatu zai duba rasit da idonsa, ya rubuta kukansa da hannunsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.