Kafin Citta Ta Tsallaka Teku



Tun Janairun 2018 aka buɗe tashar tsandauri ta Kakuri a Kaduna, tsallaken kogi, amma ɗan kasuwar Kawo ko Kasuwar Sheikh Gumi da ke son tura citta ko riɗi ƙasashen waje, takarda ce farkon abin da zai nema.

Sai ya yi wa kamfaninsa rajista a hukumar CAC, ya karɓi shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC, sannan ya cike fom ɗin NXP ta bankinsa. Da wannan fom Babban Banki ke bin sawun kuɗin, waɗanda doka ta ce su dawo gida cikin kwana 180. Amfanin gona kuwa sai hukumar NAQS ta duba, ta ba da shaidar lafiyarsa.

Kada a raina wannan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, manomi da fatake duk suka ji a jikinsu.

Don haka Alhaji, kafin ka kama hayar kwantena, kammala takardunka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.