A Buɗe Adakar Tsofaffi Tun Suna Raye

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a taron wata ƙungiyar zumunta ta 'yan Arewa mazauna Badun, a kan ɗakin ajiyar kayan tarihi da ƙungiyar ta buɗe.



An umurce ni in yi magana a kan ɗakin nan da ƙungiyarmu ta keɓe domin ajiye kayan tarihi. Ɗaki kam an samu, an sa masa ƙofa da makulli, an kuma kafa kantoci. Abin da ya rage shi ne kayan da za a ɗora a kai, su kuwa suna gidajenku, a ƙarƙashin gado da cikin adaka, inda gara da ɓeraye da danshin Kurmi suke ta cinsu sannu a hankali.

Na san abin da waɗansu ke cewa a zuci, wai mu baƙi ne, fatauci ya kawo mu, tarihinmu yana can Kano da Katsina da Sakkwato. To, bari mu ƙirga. An kafa unguwar Sabo ta nan Badun a 1916, wato fiye da shekara ɗari ke nan. Kafin wannan, a 1912 jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano, sai cinikin goro da na shanu ya sake kama, fataken da a da suke bin hanyar Gwanja da jakuna suka juyo ƙasar Yarbawa. A Ikko kuwa tun 1863 Gwamna Glover ya ɗebi Hausawa ya kafa rundunar 'yan sanda da su. Wanda aka binne kakan kakansa a gari, ai ya wuce a ce ba shi da labari a garin.

Abin kunyar shi ne, wanda ya fi kowa rubuta labarin Sabo ba ɗanmu ba ne. Wani masani ne daga Ingila, Abner Cohen, ya zo ya zauna cikin jama'armu a farkon shekarun 1960, ya duba yadda maigida yake saukar da fatake, ya ba su masauki, ya tsaya musu wajen bashi, da yadda dillali yake ƙulla ciniki, ya wallafa littafinsa a 1969. Ya yi aiki, ba mu raina ba. Amma fa abin da aka gaya masa da wanda idonsa ya gani ya rubuta. Takardun da iyayenmu suka rubuta da hannunsu suna wurinmu.

Waɗanne kaya muke nema? Mutane da yawa suna tsammanin sai takobi ko alkyabba. Idan akwai, madalla. Ni dai a ganina takarda ta fi su daraja. Wasiƙar ajami da wani maigida ya aika wa abokin cinikinsa a Kano, yana faɗin huhun goro nawa ya ɗora a jirgi da kuɗin da ya kama, ta fi takobi goma ba da labari, domin tana ɗauke da suna da wuri da farashi. Haka littafin bashi, da rasiɗin haraji, da takardar reluwe, da takardar sayen fili, da fasfon wanda ya yi aikin hajji, da hoton ɗaurin aure ko na naɗin sarauta. Akwai kuma tsofaffin kuɗi, su anini da kwabo mai huji da taro da sisi da sule, waɗanda aka bar amfani da na ƙarshensu bayan da naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairu, 1973. Yaron da aka haifa bayan nan, in ka ce masa anini goma ne kwabo, sai ya ɗauka tatsuniya kake yi.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Wani dattijo maƙwabcinmu, babban mai goro ne a zamaninsa, ya rasu ya bar adakar ƙarfe cike da takardu. Magada suka buɗe, ba su ga kuɗi ba, kuma ba wanda ya iya karanta ajami a cikinsu. Waɗanda suka ga alamar sunan Allah a jiki suka ƙone don girmamawa, sauran kuwa mai ƙosai ce ta ƙulle wa yara ƙosai da su. Kafin in ji labari, sai 'yan warƙoƙi uku na tarar. Ban ga laifin yaran ba, domin ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce musu ga abin da ke ciki.

Ba gara kaɗai ce abin tsoro ba. Kowa a zauren nan yana tune da abin da ya auku a kasuwar Shasha cikin Fabrairun 2021, yadda wuta ta cinye rumfuna da gidaje. Allah ya kiyaye gaba. Wanda ya yi hasarar haja yana iya sake nema, amma takardar filin da kakansa ya saya, in ta ƙone ta tafi ke nan, ranar da kuwa aka tambaye shi hujja sai ya rasa ta cewa.

Saboda haka roƙona na farko ga dattawa ne. Kada ku jira sai magada sun kawo. Ku kawo da kanku, ku zauna da magatakarda ku gaya masa wane ne mai abin, a ina ya samo shi, wace shekara, a rubuta. Hoton da ba a san waɗanda ke ciki ba, takarda ce kawai mai fuskoki.

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda malamai suka ja hankalinmu a kanta. Abin da ya shiga gado ba na mutum ɗaya ba ne, ba za mu karɓa ba sai da yardar dukkan magada, balle in akwai marayu a ciki. Wanda ba ya son rabuwa da kayansa yana iya ba da aro na ƙayyadadden lokaci, ko ya bari a ɗauki hoton takardar ya koma gida da asalinta. Kowane abu da aka karɓa za a shigar da shi rajista, a ba mai shi shaida, kuma ƙungiya ba za ta sayar da ko allura ba. In wani ya zo muku da kuɗi yana neman sayen tsofaffin kaya, ku sani tun 1979 akwai dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta kuma hana fita da irin waɗannan kaya ƙasashen waje ba da izini ba.

Iyayenmu mata, ban manta da ku ba. Tasoshi da kwanonin jere da tsofaffin zannuwan saƙi da kuka taho da su daga gida ranar da aka kawo ku aure, muna so, tare da labarin tafiyar.

Magatakarda zai riƙa zama a ɗakin kowace Lahadi bayan la'asar. Dattijon da ƙafa ta hana shi fitowa ya aiko a gaya mana, mu za mu je har gida da littafin rajista.

Wassalamu alaikum.