Jawabi Kan Auna Ciyawar Teku Daga Sama

 Kun san aikin safiyo, yadda ake jan sarƙa a auna gona. Yau zan ba ku labarin makiyayar da sarƙa ba ta aunuwa a cikinta, gama a ƙarƙashin ruwan teku take.

A gaɓar ƙasar Muritaniya akwai wani wuri da ake kira Bank Dargin, wanda gwamnatin ƙasar ta keɓe a 1976. Ruwan wurin ba shi da zurfi, ƙasansa kuwa shimfiɗe yake da ciyawa. Ba gansakuka ba ce, ciyawa ce sosai mai saiwa da fure. A cikinta ƙananan kifaye ke ɓuya har su girma, kunkurun teku kuma ita yake kiwo. Idan ta ƙare, abincin masuntan wurin, Imragen, ya ƙare.

Iri uku ne a can. Akwai gajera mai siririn ganye, wadda Turawa ke kira Zostera, tana fitowa fili in ruwa ya janye. Akwai mai dogon ganye, Simodosiya, wadda ta fi son inda ruwa ba ya barinta. Ta ukun, Halodul, takan cuɗanya da ita.

To, yaya za a san ko ciyawar tana raguwa? A 2015 Turai ta harba tauraron ɗan Adam mai suna Sentinel-2, ta ƙara na biyu a 2017. Duk kwana 5 sukan ɗauki hoton wuri guda, kowane ɗigo a hoton yana daidai da fili mai mita 10 tsawo da faɗi. Masana sukan zaɓi hoton da aka ɗauka sa'ad da ruwa ya janye, su bambanta ciyawa da laka ta wurin hasken da kowace ke mayarwa.

Amma kada ku ɗauka hoton ya gama aiki. Gajerar tana bayyana sarai, sauran biyun kuwa gurɓataccen ruwa yakan rufe su, hazon Sahara ma yakan ɓata hoto. Wani lokaci gansakuka takan yi kama da ciyawa. Saboda haka tilas ma'aikata su shiga jirgi, su taka laka, su tsige ganye su duba, kamar dai yadda a zamanin da Hakimi ba ya amincewa da lissafin jangali sai ya fita rangadi ya ga shanun. Da abin da suka gani a ƙasa ake gyara taswirar.